Ka Sa Hannu?

Ba ta yi sallama ba.

Da ƙafa Auta ta tura ƙofar ofishin motocin jami'a, ƙofar ta bugi bango ta dawo. Hannunta na dama a dunƙule yake, laka na ɗiga ta tsakanin yatsu. Dogo, mai kula da motocin, na ɗago kai ta watsa masa abin a ƙirji.

Matattun tsiron tumatir ne. Ganyen ya ƙone, saiwar ta yi baƙi ƙirin kamar an gasa ta.

"Kalle su!" ta ce. "Kalle su da kyau!"

Direbobin da ke zaune kan benci suka dubi juna, suka sulale waje ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya san Auta ya san ba a tsaya mata a irin wannan yanayi.

"Barkonona, zauna mana ki…"

"Kada ka sake kirana da wannan sunan! Tambaya ɗaya na zo da ita. Ranar da ka kai wa Babana taki, na kira ka ko ban kira ba?"

"Kin kira."

"Me na ce maka?"

"Kin ce… na sa hannu?"

"Kai kuma ka ce me?"

Ya sunkuyar da kai. Mutum mai tsayin da sai ya duƙa yake shiga ƙofa, yau ya koma kamar an sace masa iska.

"Na ce na sa."

"To ka sa?"

"Na sa… a takardar fita."

Ta yi wata dariya mara daɗin ji.

"A takardar fita! Innalillahi… Ni ina maganar taki, kai kana maganar biro!"

Abin da ke nan shi ne, a filin takin jami'a akwai doka guda, kuma Auta ce ta kafa ta. Babu tsibin da zai fita sai an sa masa hannu. Ba a takarda ba. Mutum zai naɗe hannun riga, ya cusa hannunsa cikin tsibin har gwiwa. In ya ji sanyi, taki ya nuna, a loda. In ya ji zafi, ɗanye ne, yana cin kansa tukuna, kuma duk shukar da aka zuba masa sai ya cinye ta. Kowa ya san wannan. Dogo ma ya fi kowa sani, don ranar da suka fara magana ita ta sa shi ya cusa hannu, ya zaro da ihu, ta yi ta masa dariya har da hawaye.

"Biro ne a hannuna lokacin da kika kira," ya ce a hankali. "Bakina ya riga hankalina. Sai da muka hau titi na gane abin da kike nufi."

"Ka gane. Sai ka juyo?"

Ya shiga tsince tsiron da ya zube kan tebur.

"Magana nake maka! Ka juyo?"

"Ban juyo ba."

"Saboda me?"

"Farar riga ce a jikina, Auta. Ranar ce zan fara gaida Baba ido da ido. Ban so in tsaya gabansa ina warin juji. Na duba saman tsibin, baƙi ne, lallausa, ba wari…"

"Warin juji." Ta maimaita kalmar kamar tana tauna tsakuwa. "Wato irin warin da nake yi kullum. Wanda yayarka ta toshe hanci a kansa ranar da ka kai ni gidanku."

"Ba haka nake nufi ba, wallahi…"

"Wane tsibi ka loda?"

"Ba wannan ne zancen ba. Ban sa hannu ba, laifina ne, shi ke nan."

"Ai kuwa laifinka ne! Ka ceci riga, ka kashe gona. Ka je ka auri rigar!"

Ta juya. Ya miƙe da sauri har kujera ta faɗi.

"Masoyiyata, don Allah…"

Ƙofar ce ta ba shi amsa.

Ba ƙaramar wahala Auta ta sha ba kafin wannan aiki ya tsaya da ƙafarsa. Da can, ragowar abincin ɗalibai a bayan katanga ake jibge shi, ƙudaje su yi biki. Ruɓaɓɓen kayan miyan kasuwa a kwata yake ƙarewa. Manoman bakin kogi kuwa, da sun gama girbi sai su cinna wa kara wuta, hayaƙi ya rufe garuruwan yankin, yara su yi ta tari. Jami'a ta ce a haɗa kai: kasuwa ta ba da shararta, manoma su ba da kara, makiyaya su ba da kashin shanu, motocin Dogo su kwaso, filin Auta ya mayar da su taki, a raba wa kowa.

A takarda abin gwanin sha'awa.

A ƙasa kuwa, babu manomin da ya yarda. Sai da Auta ta yi ta bin mahaifinta, don shi ne shugaban manoman lambu na duk bakin kogin, in ya ce a'a babu mai cewa i. Ya daɗe yana cewa, "Masu takalmi mai ƙwas-ƙwas ne za su koya min taki?" Daga ƙarshe ya ce ya yarda, amma ba don jami'a ba, don 'yarsa. Kuma don kowa ya gani, ya ce a kwamin da yake renon irin tumatir za a fara zubawa, irin da manoma da yawa ke jiran su cira su dasa.

A makon da za a kai takin aka tura Auta wani gari ta kafa musu nasu filin. Tana can wayar Baba ta same ta. Kalma uku ya faɗa: "Zo ki gani."

Daga ofishin Dogo gona ta koma. Tun daga nesa ta hango hayaƙi.

Ta sa gudu.

Karan da Baba ya tara wa motar jami'a, wanda ya ɗaure dami-dami da hannunsa, shi ke ci da wuta. Yana tsaye da sanda yana tura wanda bai kama ba. Inna na gefe ta rufe hanci da mayafi.

"Baba! Baba, don girman Allah!"

"Matsa, kada ki ƙone. Ko da yake ku ƙona abu ba baƙonku ba ne."

"Baba, kuskure ne aka yi…"

"Kuskure?" Ya jefar da sandar. "Ke, zo nan. Dubi kwamin nan. Dubi wancan. Tun kina goye nake renon iri a wurin nan, fari bai kashe min ba, tsutsa ba ta kashe min ba. Sai da na yarda da masu ilimi! Mutane sun gyara gonakinsu suna jiran dashe, yau me zan ba su? Toka?"

"Za a kawo wani irin daga lambun jami'a…"

"Ko tsinke kada a kawo min daga can!"

"Malam, ka sassauta," in ji Inna. "Yarinyar nan ba ta ma gari."

"Ita ba ta gari, amma wa ta turo min? Wani zanƙalele da farar riga, sai ƙamshin turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya durƙusa yana 'Baba ina wuni, Baba ina gajiya,' ashe wuta ya juye min a gona! Har ruwan sanyi na sa aka ba shi!"

Auta ta cije leɓe. Ba ta da abin kare shi, ba ta ma so.

"Ki saurara da kyau, Auta, don ba zan maimaita ba. Gobe zan tara manoma a nan. Mun fita daga wannan haɗin kan. Ba kara, ba taki, ba mota. Wancan dogon kuwa, in na ƙara ganin ƙafarsa a ƙofar gidana, sai dai ki zaɓa, ko ni ko shi."

"Ai ba sai na zaɓa ba, Baba. Na gama da shi."

Da ƙarfi ta faɗa. Inna ce kawai ta lura ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Washegari da sassafe ta shiga filin taki. Tsibi-tsibi a jere, wasu na turiri, wasu sun kwanta lamo. Ta nufi na can ƙarshe, tsohon tsibin da ta ware wa Baba da kanta.

Yana nan. Ko shebur ba a sa masa ba.

Ta tsaya cak. Ta juyo a hankali ta dubi bakin ƙofa.

Wayam. Sai sawun taya.

Ta zauna kan baro.

Wannan tsibin na bakin ƙofa ta san shi sarai. Ɗanye ne shar. Kafin ta yi tafiya, Mai Hoto, wato matar ofishin yaɗa labaran jami'a, ta zo ta ce manyan baƙi za su zo ganin aiki, kuma ba zai yiwu abin da za su fara cin karo da shi ya zama ruɓaɓɓen kabeji ba. A ɗan lulluɓe shi da nunanne, don hoto kawai. Auta ta ƙi, Mai Hoto ta ce umarni ne daga sama. Auta ta yi tsaki, ta ɗauki shebur. Da hannunta ta lulluɓe shi, ta shafe shi sumul, ta ce in ta dawo za ta yaye.

Ba ta gaya wa Dogo ba. Kunya ta hana ta.

"A'a, ƙawata, kin dawo?"

Mai Hoto ce, da dogon takalmi, tana taka ƙasa kamar mai tsallake ƙaya. Kyamara na rataye a wuyanta.

"Na ji abin da ya faru. Wallahi har na kasa cin abinci. Bawan Allah Dogo, yanzu haka kwamiti zai zauna a kansa. Jiya ma sai da na je na ɗan rarrashe shi…"

Auta ta miƙe.

"Wa ya nuna masa tsibin bakin ƙofa?"

"Oho. Ni ina ruwana da…"

"Kina nan ranar. Ke kika ɗauki hoton motar tana fita, na gani a allon sanarwa. Wa ya nuna masa?"

Mai Hoto ta gyara igiyar kyamara.

"Ya tambaya wanne ne mai kyau, na ce wannan ya fi kyau. Ƙarya na yi? Ai ya fi kyau. A hoto."

"Kin san abin da ke cikinsa!"

"Ke ma kin sani, ƙawata. Ni ko shebur ban iya riƙewa ba." Ta yi murmushi. "Shawara zan ba ki. Ki yi shiru. Shi ya riga ya ɗauki laifin, ma'aikata sun gaya masa ke kika lulluɓe, ya ce duk wanda ya buɗe baki shi da shi ne. To ki bar shi haka. Ke ki tsira da aikinki da Babanki. Shi kuma… ba zai rasa mai share masa hawaye ba."

Auta ta dubi shebur ɗin da ke jingine. Ta dubi Mai Hoto. Allah ne kaɗai ya riƙe hannunta.

Sai ta duƙa, ta damƙo ɗanyen taki mai ɗumi daga tsibin kusa, ta kamo hannun Mai Hoto mai jan farce, ta danƙa mata, ta matse.

"Wayyo! Ke mahaukaciya ce?"

"Haka ake gane mai kyau. Yau kin koya. Kuma ni ba ƙawarki ba ce."

Ta bar ta nan tana yarfe hannu tana tsine-tsine.

A hanya zuciyarta kamar ta fashe. Haushin Mai Hoto daban, haushin kanta daban. Amma wanda ya fi ci mata rai haushin Dogo ne. Wato yana zaune jiya, ta watsa masa laka a gaban direbobinsa, ta zage shi tas, ya san komai, ya yi gum! Wa ya roƙe shi?

Ta tarar da gonar cike. Manoma daga sama da ƙasan kogi, shugabar matan kasuwa, har da dattijon makiyaya. Baba na tsaye a tsakiya. Amma ba shi ake kallo ba.

Dogo ake kallo.

Yana cikin kwami, laka har ƙwauri, yana kankare ɗanyen takin da shebur yana zubawa a baro. Farar rigar nan ce a jikinsa, in har yanzu za a kira ta fara.

"Na ce ka fita min daga gona!" Baba ke faɗa, da alama ba karo na farko ba ne.

"Zan fita, Baba. Ni na zuba, in na kwashe zan fita."

"Ni ba Babanka ba ne!"

"To, Baba."

Wani ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

Auta ta ratsa taron ta tsaya a bakin kwamin.

"Kai! Wa ya sa ka rufa min asiri?"

Ya ɗago a firgice. "Auta, kada ki…"

"Na ce wa ya sa ka? Ka mayar da ni 'yar tsana, a ajiye ni a gefe kada in fashe? Ka bar ni ina zaginka ina jin ni ce mai gaskiya?"

"Ai kina da gaskiya. Da na sa hannu…"

"Rufe min baki!"

Ta juya ga mahaifinta. Ba ta rage murya ba.

"Baba, kafin ka yanke hukunci ka ji sauran. Tsibin da ya kawo maka ɗanye ne, amma samansa nunanne ne. An lulluɓe shi don baƙi su gani su yaba. Duk wanda ya kalla da ido zai rantse ya nuna."

"Wane ɗan banza ne ya yi wannan ha'incin?"

"Ni ce."

Baba ya matso taku ɗaya.

"Ke?"

"Ni. Da hannuna. An matsa min, amma da na ƙi da babu mai ɗaure ni. Shi bai sa hannu ba, ni kuma na sa hannu a abin da bai kamata ba. In korarsa za ka yi, ka haɗa da ni."

Jijiyar wuyan Baba ta tashi. Da ya buɗe baki, a hankali maganar ta fito, kuma wannan ya fi tsawa ciwo.

"Ni na koya miki ki jera manyan tumatir a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa?"

"A'a, Baba."

"Kin taɓa ganin kwandona a kasuwa an juye an sami abin kunya?"

"A'a, Baba."

"To a ina kika koyo? A jami'ar?"

Hawayen da ta riƙe tun jiya suka ɓalle.

"Baba, laifin nawa ne…" Dogo ya fara.

"Kai kuma yi min shiru! Ɗaya ta rufe ƙazanta don baƙi, ɗaya ya ƙi taɓa ƙazanta don riga. Wallahi kun dace da juna, ku biyun duka ba ku da hankali!"

Shugabar matan kasuwa ta gyara ɗaurin zani ta matso. Mace ce mai jiki, mai muryar da ke tsallake rumfuna.

"Shugaba, ka gama? To ni ma in faɗi nawa. Tun da motar yaron nan ta fara kwashe mana shara, kwatarmu ba ta ƙara toshewa ba. Jikokina sun daina tari tun da kuka daina ƙone-ƙone, sai jiya da wani dattijo ya huce haushinsa a kan kara. Ba zan koma cikin ƙudaje don an ɓata maka rai ba."

"Irina fa? Ke za ki haifo min shi?"

"Ƙanena na ƙetaren kogi ya yi reno ya yi yawa."

"Ni ma ina da ragowar kwami guda," in ji wani daga baya.

"Na jami'a ma a karɓa mana, Shugaba," in ji wani. "Tsiron ai bai yi maka laifi ba."

Baba ya bi su da harara ɗaya bayan ɗaya. Ba mutum ne mai son a taimake shi a bainar jama'a ba. Ya tsani abin kamar ciwon haƙori. Amma lokacin dashe ba ya jiran zuciyar kowa, shi ma ya sani.

"Naku zan karɓa," ya ce. "Na jami'a a raba wa wanda ke so, ni ban so."

Sannan ya nuna baron Dogo da sanda.

"Wannan masifar kuma ba inda za ta. A nan za a tara ta, ƙarƙashin bishiyar can, inda idona ke gani. Ku biyun za ku riƙa juya ta har ta nuna. Ba ma'aikaci, ba inji. Ran da ta nuna ni zan sa hannu da kaina. In na ji sanyi, mu ci gaba da haɗin kai, kuma daga yau duk motar da za ta fito daga filinku sai manomi ya sa mata hannu. In na ji zafi, kowa ya kama gabansa."

"Ɗayar maganar fa, Malam?" Inna ta tambaya daga bayan taro.

"Wace magana? Ni taki nake magana!"

Haka aka yi.

Duk bayan 'yan kwanaki, in an tashi aiki, sai su zo. Shi da shebur ta wannan gefe, ita ta wancan. Baba na zaune kan kututture yana gyaran tiyo, ido ɗaya a kansu.

Auta ba ta huce da wuri ba. Ba halinta ba ne.

"Juya daga ƙasa, malam, ba shafa masa mai aka ce ka yi ba."

"To, ranki ya daɗe."

"Kuma ka daina kallona."

"Takin nake kallo. Ke ce kika tsaya a bayansa."

"Za ka sha shebur."

"In daga hannunki ne, Barkonona, a ƙaro."

"Na ji wannan!" in ji Baba daga kan kututture.

Kwamitin jami'a ya zauna. Auta ta shiga da ƙafarta ta faɗi abin da ta faɗa a gona, ba ragi. Aka ba ta takardar gargaɗi, aka ba Dogo tasa. Mai Hoto ta rantse ba ta san komai ba, sai dai ma'aikatan fili sun ji lokacin da ta ce a lulluɓe, sun kuma ga lokacin da ta nuna. Aka mayar da ita ɗaukar hoton taron yaye ɗalibai. Ko a hanya suka haɗu, sai ta ɓoye hannunta a jaka.

Tafin hannun Dogo ya yi kanta. Yayarsa ta zo har gonar ta ga abin da ke hana ƙanenta zama a gida. Ta toshe hanci, ta buɗe baki za ta yi magana, ya riga ta.

"Yaya, ki saba. Haka gidana zai riƙa yi."

Auta ta yi kamar ba ta ji ba. Amma ranar, da za su tashi, ita ta miƙa masa ruwa.

Tsibin ya daina turiri. Ya ragu, ya yi baƙi, warin ya koma irin na ƙasa in an yi ruwan farko. Tumatirin da aka dasa na aro kuwa har ya fara fure.

Ran da Baba ya ce yau ce, mutane suka taru ba a gayyace su ba. Dogo ya zo da sabuwar farar riga, guga har tana ɗaukar ido. Auta ta kalle shi sama da ƙasa.

"Ba ka daddara ba ke nan?"

"Ki dai zuba ido."

Baba ya naɗe hannun riga. Bai taɓa saman ba. Ya sa sanda ya tone tsakiya, can cikin ciki, sannan ya cusa hannu har kafaɗa. Ya rufe ido. Ya daɗe.

Auta ta matso kusa.

Ya zaro. Ya murza abin da ya damƙo, ya shinshina. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Kai, zanƙalele. Zo ka sa."

Dogo ya matso. Bai naɗe komai ba. Da rigar, da gugar, da maɓallin hannun, ya durƙusa ya nutsa har kafaɗa.

Matan kasuwa suka saki shewa.

"Ke ma," in ji Baba. "Ai ke ce mai dokar."

Ta durƙusa ta ɗaya gefen ta cusa nata. Sanyi. Sanyi lallausa har cikin ƙashi. Tana shirin zarowa ta ji wasu yatsu masu kanta sun laluɓo nata a can ciki, sun riƙe.

Ta harare shi ta saman tsibin.

Ba ta ƙwace ba.

"Ka sa hannu?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Na sa, Barkonona. Wannan karon ba zan cire ba."

"To me kuka ji?" in ji Baba. "Ko sai gobe?"

"Sanyi, Baba," suka ce tare.

"Sanyi ne ya hana ku fitowa? Ku zaro min hannuwanku in gan su, duka biyun, yanzun nan!"

Suka zaro da sauri, baƙi ƙirin. Taro ya kwashe da dariya. Inna ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi.

Baba ya karkaɗe hannunsa. Ya dubi manoma.

"Gobe mota ta zo ta ɗauki kara."

Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya. Sai da ya yi 'yan taku ya tsaya, bai ko waiwayo ba.

"Kai kuma ka ce wa iyayenka ina gida ranar da suka shirya."

Dogo ya ɗago kai yana durƙushe.

"Baba… in sake riga in biyo ka in yi godiya?"

"In ka sake ta," in ji Baba, "kada ka zo."